Yadda za a haɗa wa yara wasan ƙuri'ar kyauta a gida, ba kuka ba zargin maguɗi

Wata malama ta rubuto da wannan tambaya: "Ina so in shirya wa yara kusan 25, masu shekara 4 zuwa 11, wasan zaro ƙuri'a na cin kyauta, irin wanda ake kira rafil, da kayan da zan haɗa da hannuna a gida. Na taɓa gwadawa sau ɗaya, aka tashi da kuka, wasu yaran suna cewa ɗana na fifita. Wata uwa kuma ta ce mini wannan koya wa yara caca ne. Yaya zan yi?"

Malama, zan fara da maganar uwar da ta ce miki caca ce, domin ba magana ce ta yarwa ba, kuma amsarta ce za ta tsara miki duk abin da zai biyo baya. Abubuwa uku ne suke haɗuwa su zama caca: mutum ya zuba wani abu nasa mai daraja, sa'a kaɗai ta yanke hukunci, sannan wani ya kwashe, wani ya yi asarar abin da ya zuba. Muddin babu yaron da ya biya komai kafin a ba shi tikiti, kuma babu wanda zai koma gida da ƙasa da abin da ya zo da shi, to abin da kike yi rabon kyauta ne ta hanyar ƙuri'a, wadda tun fil azal mutane suke amfani da ita don raba abu a tsakanin waɗanda hakkinsu ya zo ɗaya. Saboda haka sharaɗi na farko, wanda ba na sassauci a kansa, shi ne kada a sayar da tikiti, kada kuma a karɓi wani abu a madadinsa, ko da abin wasan yaro ne. A ƙasashe da dama doka ma tana ɗaukar sayar da tikitin ƙuri'a a matsayin harkar caca mai buƙatar izini, ko da don taimako aka shirya ta.

Sai dai cire kuɗi kaɗai bai wadatar ba, kuma a nan nake ganin uwar nan ta hango wani abu na gaskiya. Masanin halayyar ɗan Adam B. F. Skinner ya nuna tun a tsakiyar ƙarni na 20 cewa ladan da ke zuwa jefi-jefi, wanda ba a san lokacin zuwansa ba, ya fi ladan da ke zuwa kullum riƙe mai neman sa, ya sa ya yi ta maimaita aiki ba gajiya. A kan wannan aka gina injinan caca, kuma a 2018 hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam ta yanke cewa akwatunan sa'a da ake saya a cikin wasu wasannin bidiyo, ba tare da mai saye ya san abin da zai samu a ciki ba, caca ce. Abin da ke kama zuciya shi ne "bari in sake gwadawa, wataƙila yanzu in dace." Don haka ki tsara wasan ya zama mai farko da ƙarshe: kowane yaro damarsa ɗaya, an zaro an gama, babu sakewa, babu musayar abin da aka samu da wata sabuwar dama. Wasan da aka yi sau ɗaya a taro aka tashi daban yake da akwatin da aka ajiye a ɗaki yara suna komawa gare shi kullum.

Yanzu ga batun kuka. Yaran da kika ambata ba tunaninsu ɗaya ba ne game da sa'a, kuma wannan ne tushen abin da ya faru da ke. Masana halayyar yara Jean Piaget da Bärbel Inhelder, a binciken da suka wallafa a 1951 kan yadda yara ke fahimtar dace, sun gano cewa yaron da bai kai wajen shekara 7 ba bai cika rarrabe abin da ya faru bisa dace da abin da wani ya yi da gangan ba. Daga wannan shekarar ne fahimtar take fara zama, ba ta kuma cika sai wajen shekara 11 ko 12. Ma'anar wannan a aikace ita ce, idan yarinya 'yar shekara 5 ta ga an kira sunan wani ba a kira nata ba, a ranta ba takarda ce ta zaɓa ba, ke ce kika zaɓa, kuma kin ƙi ta. Duk bayanin da za ki yi mata a kan cewa sa'a ce ba zai shiga ba, domin ma'aunin da za ta auna maganar da shi bai gama ginuwa ba. Kukanta ba rashin tarbiyya ba ne.

Mafita a wurina ita ce ki sauya tambayar da ƙuri'ar ke amsawa. Maimakon ta yanke wa zai samu wa zai rasa, ta yanke wace kyauta kowa zai samu, ko wa zai fara zaɓa. Yara 25, kyauta 25, masu daraja kusan ɗaya amma iri daban-daban. Ɗokin yana nan daram, domin babu wanda ya san abin da zai faɗo masa, amma babu mai komawa hannu rabbana. Idan kina son a sami babbar kyauta guda ɗaya, ki bar ta sai ƙarshe, bayan kowa ya riƙe tasa a hannu, kuma kada ta yi wa sauran nisa sosai. Na fi son babbar kyautar ta zama abin da za a yi wasa da shi tare a wurin, kamar ƙwallo ko igiyar tsalle, ta yadda wanda ya ci zai ga yara sun kewaye shi suna murna maimakon su zuba masa ido.

Tikitin kansa aiki ne mai sauƙi, amma a cikin ƙananan abubuwa ake samun matsala. Ki sami takarda mai ɗan kauri iri ɗaya, launi ɗaya, ki yanka ta daidai wa daida, misali santimita 10 a tsawo da 4 a faɗi. Ki ja layi a tsakiya, ki rubuta lamba ɗaya a ɓangarorin biyu, sannan ki yanke a kan layin a gaban yaron: rabi ya riƙe, rabi ya jefa a akwati da hannunsa. Jefawar da hannunsa tana da muhimmanci, domin yaron da ya ga takardarsa ta shiga ba zai ce an cire sunansa ba. Ki ja layi a ƙarƙashin 6 da 9, haka ma 16 da 19 idan rubutun hannunki na iya rikitarwa, don kada yara biyu su taso wa lamba ɗaya. Ga ƙananan da ba su iya karanta lamba ba, ki zana hoto iri ɗaya a ɓangarorin biyu, tauraro ko kifi ko wata, ki tabbatar ba a maimaita hoto ba. Ki kuma rubuta sunan kowa da lambarsa a wata takarda daban ki ajiye, domin ko shakka babu sai wani ya yar da nasa rabin kafin a fara.

Naɗe takardun ya zama aikin mutum ɗaya, ninki iri ɗaya. Na koyi wannan ne a wani taron yara da na taɓa shiryawa, inda na bar kowa ya naɗe tasa. Wani yaro ɗan shekara 10 ya murza tasa ta zama dunƙule kamar ƙwallo, sauran duk a ninke, sannan ya raɗa wa abokinsa wanda aka ce zai sa hannu a akwatin. Abokin ya lalubo dunƙulen da yatsa, ya zaro shi a karon farko. Ban gane ba sai da wata yarinya ta nuna takardar ta ce, "Malama, ai tasa ce kaɗai a murɗe." Tun daga ranar na koma amfani da marafan kwalba na roba, iri ɗaya launi ɗaya, ina rubuta lambar a cikinsu da alƙalamin da ba ya gogewa. Marafan ba sa manne wa juna yadda takarda ke yi, suna gaurayuwa da kyau idan an girgiza, kuma yatsa ba ya iya bambanta su. Idan akwai jarirai a wurin, sai a kula kada murfi ya faɗi ƙasa.

Akwatin kwali ya isa. Ki huda rami a samansa daidai shigar hannun yaro, ki manna ƙyalle a bakin ramin daga ciki don kada a leƙa. Kafin a jefa komai, ki buɗe shi ki kife, kowa ya ga babu abin da aka ɓoye a ciki. Sannan gaurayawa, wadda mutane suka fi rainawa alhali ita ce zuciyar adalcin wasan. Ko manya da hukuma sun taɓa yin kuskure a nan. Ranar 1 ga Disamba 1969, gwamnatin Amurka ta yi ƙuri'ar da za ta tsara waɗanda za a fara kira aikin soja a lokacin yaƙin Biyetnam. An rubuta ranakun haihuwa 366, an sa kowace a cikin ɗan ƙwanso, aka riƙa zuba su wata bayan wata, daga Janairu har zuwa Disamba. Gaurayawar ba ta isa ba, sai ranakun watannin ƙarshen shekara suka fi fitowa da wuri, masana lissafi suka nuna cewa waɗanda aka haifa a Disamba sun fi shiga haɗarin a kira su. Abin da ya shiga akwati a ƙarshe yana zama a sama, hannu kuma abin da ke sama yake fara taɓawa. Saboda haka ki rufe ramin, ki juya akwatin sama da ƙasa, ba girgiza gefe da gefe kawai ba, ki kuma miƙa wa yara biyu ko uku su ma su jujjuya, sannan a sake girgizawa bayan kowace zarowa.

Game da zargin kin fifita ɗanki, maganinsa shi ne kada hannunki ya shiga akwatin ko sau ɗaya. Mafi ƙanƙanta a cikin yaran ya zaro ta farko, ya ɗaga ta sama kowa ya gani kafin a karanta. Wanda lambarsa ta fito shi zai zaro ta gaba, a haka a haka har a gama. Ki faɗi dokokin duka kafin a fara, a taƙaice, ki kuma tambayi yara biyu su maimaita, domin dokar da aka fito da ita bayan an ga sakamako kullum kama da son kai take yi, ko da gaskiya ce. Shi kuwa ɗanki, kada ki cire shi daga rabon da kowa zai samu, don wannan zalunci ne a gare shi. Amma a zagayen babbar kyauta, na fi ganin ki yi magana da shi tun a gida, ki ba shi muƙamin mai riƙe akwati ko mai shelar lamba, ya san ba zai shiga wannan zagayen ba. Yawancin yara suna alfahari da irin wannan aiki fiye da yadda muke zato.

Akwai gardamar da za ki ji daga manyan yaran, cewa wanda ya fara ɗauka ya fi samun dama, ko kuma na ƙarshe an cuce shi. Lissafi ya nuna ba haka ba ne, kuma yana da kyau ki iya nuna musu. A ce takardu 10 ne a akwati, ɗaya ce mai alama, yara 10 za su ɗauka bi da bi. Damar na farko 1 ce cikin 10. Na biyu ba zai samu ba sai na farko ya kuskure, wato 9 cikin 10, sannan shi ya dace a cikin takardu 9 da suka rage, wato 1 cikin 9. Idan aka ninka 9 bisa 10 da 1 bisa 9, amsar 1 bisa 10 ce. Haka lissafin yake tafiya har kan na goma, wanda ko zaɓi ba shi da shi, amma damarsa daidai take da ta kowa. Dabarar da ke kashe gardamar ita ce kowa ya ɗauki tasa ya riƙe a dunƙule, sai an gama rabawa a buɗe gaba ɗaya.

Idan kina son abin da ya fi zaro lamba armashi, allon kofuna shi ne wanda na ga yara sun fi so. Ki sami babban kwali mai ƙarfi, ki jera kofunan takarda 25 a kai, layi biyar-biyar, ki manne gindinsu da gam. A cikin kowane kofi ki sa ƙaramar kyauta, ko takarda mai lambar kyautar idan ba za ta shiga ba, sannan ki rufe bakin da takarda mai laushi ki ɗaure da robar ɗauri. A jingina allon da bango, yaron da lambarsa ta fito ya je ya zaɓi kofi ya huda takardar da yatsa. Ƙarar fashewar takardar da ɗan jinkirin da ke tsakanin hudawa da ganin abin da ke ciki su ne daɗin wasan. Ki sa takardar rufin ninki biyu idan haske na ratsa ta, kuma wani babba daban ya zuba kyaututtukan ba a gaban ɗanki ba.

Faifan juyawa ma yana da kyau, sai dai ya fi neman kulawa. Da'ira digiri 360 ce, idan kika raba ta gida 8 kowane gida zai sami digiri 45, kuma damar kowane gida daidai take da faɗinsa. Matsalar ita ce faifan da aka yi da kwali a gida da wuya ya daidaita: idan ramin bai zauna a tsakiya sosai ba, ko gefe ɗaya ya fi nauyi saboda gam da ado, zai riƙa tsayawa a wuri guda. Ki shimfiɗa shi a kwance a kan tebur ki sa kibiya ce ke juyawa, hakan ya fi a rataye shi a tsaye. Kafin ranar taro ki juya shi sau 40 kina rubuta inda ya tsaya. Ana sa ran kowane gida ya sami wajen 5, kuma 3 ko 7 ba abin damuwa ba ne, amma idan gida ɗaya ya kwashe 15 to faifan ya karkace, sai a gyara. Ki kafa doka cewa sai kibiya ta zagaya aƙalla sau biyu, in ba haka ba yara masu wayo za su koyi tura ta a hankali zuwa inda suke so. Ga 'yan shekara 4 da 5 kuwa, jan zare ya ishe su: a ɗaura kowace kyauta da dogon zare, a rufe kyaututtukan da mayafi, a haɗa bakin zaruruwan wuri ɗaya, kowa ya ja ɗaya.

Zaɓen kyauta wuri ne da ba na so ki yi gaggawa, domin taron yara ba ya rasa ƙanne da ke rarrafe a ƙasa. Ma'aunin da ake amfani da shi a Amurka don gane abin da zai iya shaƙe yaron da bai kai shekara 3 ba wani ɗan bututu ne mai faɗin milimita 31.7: duk abin da ya shige cikinsa gaba ɗaya haɗari ne. A gida, bututun kwalin da ke tsakiyar takardar bayan gida ya ɗan fi wannan faɗi, don haka abin da ya wuce ta cikinsa ki ɗauke shi a matsayin wanda bai dace da ƙanana ba. Balan-balan da ba a hura ba, ko guntayen wanda ya fashe, suna iya toshe numfashi, shi ya sa ake gargaɗi a kansu ga yaran da ba su kai shekara 8 ba. Abubuwa biyu kuma ki guje musu ɗungurungum: kayan wasa masu ƙaramin batir mai kama da maɓalli wanda murfinsa ba a ɗaure da sukurori ba, domin idan yaro ya haɗiye shi ya maƙale yana iya ƙona maƙogwaro cikin awa biyu kacal, da kuma ƙananan maganaɗisu masu ƙarfi, waɗanda idan aka haɗiye fiye da ɗaya suke manne wa juna ta bangon hanji su huda shi. Fensir mai launi, littafin zane, sitika, ƙaramin littafin labari da igiyar tsalle duk sun wadatar. Tun da tazarar shekarun yaran naki tana da yawa, ki raba kyaututtukan gida biyu, na ƙanana da na manya, da akwati biyu ko layukan kofi masu launi biyu.

Wasu iyaye da malamai suna ba da tikiti a matsayin ladan ladabi ko ƙoƙari, wanda ya fi ƙoƙari ya tara tikiti da yawa. Ina da ja a kan wannan. A 1973 masana halayyar ɗan Adam Mark Lepper da David Greene da Richard Nisbett sun yi gwaji da yaran makarantar reno masu son zane. Waɗanda aka yi wa alkawarin lada kafin su yi zanen, daga baya sha'awarsu ta yin zane don kansu ta ragu, alhali waɗanda aka ba ladan ba zato, da waɗanda ba a ba komai ba, sha'awarsu ba ta ragu haka ba. Ban da wannan, haɗa ƙoƙari da sa'a yana rikita yaro: mai tikiti 6 cikin 30 damarsa 1 ce cikin 5, wato sau huɗu cikin biyar zai rasa, kuma zai iya kallon wanda bai yi komai ba ya ci da tikiti ɗaya. Idan ƙoƙari kike son yabawa, ki yaba shi kai tsaye da sunansa. Ƙuri'a ki bar ta a inda kowa yake daidai da kowa.

Manyan yaran, 'yan shekara 9 zuwa 11, ki jawo su cikin aikin tun kafin ranar. Su yanka tikiti, su rubuta lamba, su yi wa akwati ado, su gwada faifan su rubuta sakamako. Idan kin sami sarari, ki zuba marafai ja 7 da shuɗi 3 a jaka, su riƙa zaro ɗaya suna mayarwa har sau 50 suna ƙirgawa, sannan su yi hasashen abin da ke cikin jakar kafin a zazzage. Yaron da ya ga da idonsa cewa shuɗi na iya fitowa sau uku a jere ba tare da wani ya yi maguɗi ba, zai yi wuya ya zarge ki ranar taro, kuma sau da yawa shi ne zai yi wa ƙannensa bayani.

Ki tanadi kyauta uku ko huɗu fiye da adadin yaran, saboda wanda zai zo a makare, da ƙanin da aka taho da shi ba a sanar da ke ba, da abin da zai karye a hannu. Bayan an gama rabo ki ba da minti biyar na musaya, da sharaɗin sai duka biyun sun yarda kuma a gaban babba, don kada manya su yi wa ƙanana wayo. Idan duk da haka wani ya fashe da kuka saboda abin da ya samu bai yi masa ba, kada ki sake ƙuri'ar, kada kuma ki karɓe na wani ki ba shi, domin hakan zai rushe amincewar sauran yara 24 da suka bi doka. Ki ja shi gefe, ki durƙusa daidai tsayinsa, ki ce masa kin ga ransa ya so wancan kuma ba laifi ba ne ya ji haushi, ki zauna da shi har ya lafa, sannan ki nuna masa ragowar kyaututtukan da kika ajiye ya musanya tasa da ɗaya daga ciki, muddin kin yarje wa kowa hakan tun a dokokin farko.